Launi Yana Nan, Ƙyalli Ya Tafi: Amsar Wasiƙunku a Kan Rinin Asibiti

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowa, domin duk a kan abu ɗaya suke: rinin da likitoci ke sa wa a jijiya, ko a ido, ko a kan gilashin gwaji, don ya yi ƙyalli a ga abin da ido ba ya gani. Na shafe shekaru ina aikin harhaɗa magunguna a asibiti, kuma waɗannan 'yan kwalabe suna cikin kayan da na fi sa wa ido a ɗakin ajiya. Ga amsoshin.

TAMBAYA: Hajiya, mahaifina yana da ciwon suga, ganinsa ya fara raguwa. An yi masa allurar wani ruwa a hannu aka ɗauki hoton cikin idonsa. Da muka dawo gida sai idonsa da tafin hannunsa suka yi rawaya kamar mai shawara, fitsarinsa kuma ya zama wani irin ɗorawa mai haske. Anya ba lalatacciyar allura aka yi masa ba? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Ɗana, kwantar da hankalinka, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ka gani alama ce ta rini mai kyau yana fita ta hanyarsa. Sunansa fuloresin. Ana sa miligiram 500 a jijiyar hannu, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya isa jijiyoyin bayan ido. Sai kyamara ta haska shi da shuɗin haske, shi kuma ya mayar da kore, a ga duk inda jijiya ke yoyo ko ta toshe saboda suga. Rawayar fata takan gushe cikin awa 6 zuwa 12, ta fitsari kuma takan kai awa 24 zuwa 36. Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka wanda ƙodarsa ta yi rauni yakan ɗan daɗe. Idan kwana biyu suka wuce idon Baba bai washe ba, ku koma wurin likita a duba hanta da ƙoda. Tashin zuciya na ɗan lokaci shi ne abin da aka fi gani bayan allurar. Amma ƙaiƙayi da kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wannan ba a kwana da shi a gida.

Wasu ɗaliban likitanci biyu ne a Jami'ar Indiana ta Amurka, Harold Novotny da David Alvis, suka fara ɗaukar irin wannan hoto a 1959, kuma a idon Alvis aka fara gwadawa. Aikinsu ya fito a 1961. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ana yi.

Fuloresin ɗin da ke cikin kwalbar allura yana da juriya, shi ya sa ake sayar da shi a narke. Abu ɗaya ne ba ya so: tsami. An haɗa shi ne a ruwa mai ɗan kanwa-kanwa, da zarar ya gamu da magani mai tsami a cikin sirinji ko a robar da ke hannun mara lafiya, ƙyallinsa ya ragu, yana ma iya tsinkewa ya kwanta. Saboda haka ne ma'aikacin jinya ke wanke robar da ruwan gishiri kafin ya tura rinin da bayan ya tura.

TAMBAYA: Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata na wani asibitin kuɗi. Muna amfani da koren rinin nan ICG (indocyanine green), wanda ake turawa a jijiya don kyamara ta nuna wa likita inda jini ke bi. Kwalba ɗaya miligiram 25 ce, tsadarta kuwa sai wanda ya saya. Sau da yawa ɗan kaɗan ake ɗiba, sauran mu zubar bayan awa 6. Na ajiye ɗaya a firiji don in gani, washegari kore shar take kamar yanzu aka haɗa. Me zai hana mu yi wa wani aiki da ita mu rage masa kuɗi? Daga Abuja.

AMSA: Ƙanwata, na ji daɗin wannan tambaya, don daga tausayi ta fito. Ni ma hannuna yakan yi nauyi duk ranar da zan jefa kwalbar da ba a ɗibi ko rabinta ba, alhali na san dangin mara lafiya sai da suka sayar da wani abu kafin su biya. Amma amsata ita ce a'a, kuma zan gaya miki dalili dalla-dalla, don kada ya zama umarni kawai.

Koren da kika gani da ido ba shi ne abin da kyamara ke nema ba. Idon ɗan Adam yana ganin haske ne daga kimanin nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke bambanta launuka). ICG kuwa yana haɗiye haske a wajen 800, ya mayar da shi a wajen 830, can gaba da ja, inda idonmu makaho ne. Koren nan ɗan gefen aikinsa ne kawai. Kuma ruwan ya yi kauri da rini ƙwarai: miligiram 25 a mililita 10. Ko wani kaso mai yawa ya mutu a ciki, zai ci gaba da yi miki kore shar. Atamfa idan ta koɗe kowa ya gani. Wannan rini yana koɗewa ne a inda ba mai gani sai na'ura.

Yadda ƙyallin ke faruwa shi ne, ƙwayar rinin ta haɗiyi haske, ta riƙe shi na ɗan ƙiftawar da ba ta kai a ƙirga ba, sannan ta sake shi da ƙarfin da ya ɗan ragu. Tana yin haka sau dubbai. Amma wani sa'in, maimakon ta saki ƙarfin a matsayin haske, sai ta miƙa shi ga iskar oksijin da ke narke a cikin ruwan. Oksijin ɗin da ya karɓi wannan ƙarfi yakan zama mai cizo, kuma abin da ya fi kusa da shi shi ne rinin da ya ba shi.

Ki kawo ɗan ga-ruwa a ranki, da garwa biyu rataye a sanda ɗaya. Haka ƙirar ICG take: kai biyu masu nauyi, da doguwar sarƙa ta kabon bakwai a tsakaninsu. Duk aikin haɗiye haske a kan sandar nan yake. Oksijin kuwa sandar yake sara. Idan ta karye, garwa biyu suna nan, amma ba a kai ruwa ko'ina. Fuloresin da na yi wa ɗana bayani a sama zobba uku ne a manne da juna kamar an yi musu walda, shi ya sa ya fi jure zama a ruwa, ko da yake shi ma haske mai ƙarfi yana cinye shi a hankali.

Akwai matsala ta biyu. A cikin ruwa zalla ƙwayoyin ICG ba sa son zama ɗai-ɗai, sai su riƙa mannewa da juna suna yin gudaji, kamar garin da aka zuba a ruwa ba a dama ba, sai dai gudajin sun fi ƙarfin ido. Rinin da ya cure ba ya ƙyalli yadda ya kamata. Gishiri yana hanzarta curewar, shi ya sa takardar kamfani ta ce a narkar da garin da ruwan allura zalla, ba da ruwan gishiri ba. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa dabarar "a ƙara yawa don a cike gurbin wanda ya mutu" ba ta da tabbas: ba ki san nawa ya mutu ba, kuma idan rinin ya yi yawa a wuri ɗaya ƙwayoyin kan danne ƙyallin juna.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, da zarar ya shiga jini sai ya natsu. Kusan kashi 98 cikin 100 yana kama furotin na jini, kowace ƙwaya ta sami abin riƙewa, ta rabu da 'yar'uwarta. Cikin minti 3 zuwa 4 hanta ta kwashe rabinsa ta zuba a ruwan maɗaciya. Wato an yi shi ne don gajeriyar tafiya. A ɗakin binciken kamfanin Kodak aka samar da shi a 1955 don aikin hoto, likitoci suka ɗauke shi don auna yawan jinin da zuciya ke turawa da aikin hanta, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1959. Tun daga lokacin har yau a busasshen gari ake sayar da shi, saboda ba ya zama a ruwa.

Kakana marini ne. Ina yarinya nakan tsaya a bakin karofi ina kallo ya tsamo ƙyalle daga ruwan baba da toka. Yakan fito kore-kore, rawaya-rawaya, sai ya ɗaga shi ya karkaɗa, a gaban idona ya riƙa juyewa yana zama shuɗi tun daga gefe zuwa tsakiya. Iska ce ke yin wannan aiki, ita ke kama shuni ta zaunar da shi a zare. Na daɗe ina mamakin yadda iskar da ke raya rinin kakana ita ce ke kashe rinin da ke hannuna yau. Kuma dangantakar ta wuce nan: Adolf von Baeyer, Bajamushen da ya haɗa fuloresin a 1871, shi ne kuma ya gano ƙirar shuni da yadda ake haɗa shi a ɗakin bincike, aka ba shi kyautar Nobel a 1905.

Mu koma ɗakin tiyata. Ki tuna abin da likita ke yi da hoton. Ya yanke ɓangaren hanji mai ciwo, yana so ya ɗinke bakin biyu, sai a tura rinin ya duba allo: inda ya yi haske jini na zuwa, inda ya yi duhu ba ya zuwa. Ko yana cire maɗaciya yana so ya ga bututunta sarai don kada ya yanki wanda ba shi ba. Idan rinin ya raunana, allon ba zai rubuta masa "rini ya tsufa" ba. Duhu kawai zai nuna. Likita ya ɗauka naman ne ba shi da jini, ya ƙara yanke lafiyayyen hanji, ko ya rasa bututun da yake nema a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Kuɗin da kika so ki rage wa bawan Allah ya koma kwanaki a gadon asibiti.

Zan faɗa miki gaskiya a kan firiji: sanyi da duhu suna rage saurin lalacewar ƙwarai, masu bincike sun auna sun gani. Amma su da na'urar awo suke aiki, a firijin da ba a ɗauke masa wuta. Sannan ko rinin ya tsira, akwai abin da ya fi shi haɗari. Babu sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwalbar. An huda murfinta da allura, ta kwana, gobe a tura ta kai tsaye cikin jinin wani. Wannan kaɗai ya isa.

Abin da za ki iya yi yana da yawa. Kada a haɗa ruwan sai likita ya ce ya kusa bukata, ba tun da asuba ana shirya tire ba. Ki rubuta lokacin haɗawa a jikin kwalbar, da awa da minti. Ki rufe ta da kwalinta ko ki naɗe sirinjin, domin fitilar tiyata tana da ƙarfi. Idan kika ga wani ɗan gari-gari a ƙasa bai narke ba, a zubar. Busasshen garin ma a ajiye shi tsakanin digiri 20 zuwa 25. Batun raba kwalba ɗaya ga mutum biyu da ke da aiki a safiya ɗaya kuwa, ki kai shi gaban sashen magunguna da shugabannin asibitinku. Takardar kamfani ta ce mutum ɗaya, don haka ba shawarar da ma'aikaciya za ta yanke ita kaɗai a kan tire ba ce. Kuma kada ki manta ki tambayi mara lafiya ko ya taɓa samun matsala da aidin, domin akwai gishirinsa a cikin garin, har zuwa kashi 5 cikin 100.

TAMBAYA: Hajiya, ina aiki a ƙaramin asibitin karkara. Muna da 'yan tsinken takarda masu jan baki na fuloresin da ake taɓa ido da su. Da yake suna ƙarewa da wuri, wanda na gada yakan jiƙa guda biyar a kwalbar ruwa ya riƙa ɗiga wa mutane har mako biyu. Yana ƙyalli sosai. In ci gaba? Daga wani jami'in lafiya a yankin Maraɗi.

AMSA: Malam, don girman Allah ka zubar da kwalbar nan yau, kafin ka gama karanta wannan shafi. A nan juriyar rinin ce ke yaudararka. Fuloresin zai yi mako biyu yana ƙyalli, amma akwai wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas da ke jin daɗin zama a ruwansa, kuma ita ce ɗaya daga cikin masu saurin cinye baƙin ido. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu tana iya huda shi. Ka duba wanda kake ɗiga wa: mutumin da ganyen dawa ya karce wa ido a gona, ko mai walda da tartsatsi ya faɗa wa. Wato mai buɗaɗɗen rauni. Saboda wannan haɗari ne ma aka ƙirƙiro takardar: wani likitan ido a Amurka, Samuel Kimura, ya fito da ita a 1951 don kowane ido ya sami nasa rini busasshe mai tsabta.

Na taɓa zuwa duba kayan wani ƙaramin asibiti na tarar da irin kwalbar nan a kan taga, ruwan ya yi rawaya mai kyau, hasken rana na ratsa ta gefenta ya yi kore. Bakin murfin ya yi danƙo-danƙo. Wanda ke wurin mutumin kirki ne, yana tattali ne kawai. Muka zauna na yi masa bayani, da hannunsa ya tuttular da ita. Har yau idan na tuna sai in yi tunanin idanun da suka wuce ta ƙarƙashinta kafin ranar.

Yadda ake yi shi ne: tsinke ɗaya, mutum ɗaya. Ka yaga ledar a gabansa, ka ɗiga ɗigo ɗaya na tsabtataccen ruwan gishiri a jan bakin, ka ja fatar idon ta ƙasa ka taɓa cikinta, ya ƙifta, ka haska shuɗiyar tocila. Inda ya karce zai fito kore. Kada ka cika rinin; idan ya yi kauri sai ya yi ruwan lemo ya ƙi ƙyalli, har sai hawaye ya tsarma shi.

Ajiyar takardun kuma, maƙiyansu uku ne: rana, zafi da laima. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi, cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewar abu sau biyu. Kwalin ya ce kada a wuce 25 ko 30, ɗakin kwano kuwa a watan Afrilu a Maraɗi ko Sakkwato ya san 40 da ɗoriya. Ka sa su a kwalinsu, cikin durowa ta ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Wanda ledarsa ta huje ko bakinsa ya yi fari-fari, ba na aiki ba ne.

TAMBAYA: Anti, ina koyon aikin ɗakin gwaji. Mukan rina kakin masu tarin fuka da oramin mu duba a madubin likita mai fitilar LED. Na lura idan muka bar gilasan zuwa gobe, ƙwayoyin da nake gani sun ragu. Laifin idona ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: 'Yata, idonki lafiya lau, Allah ya ƙara basira. Ƙwayoyin suna nan a kan gilashin, rinin da ke jikinsu ne ya dushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa wannan hanya a 2011 saboda ta fi tsohuwar hanyar jan rini sauri, kuma tana kama kimanin kashi 10 cikin 100 fiye da ita. Sai dai jan rinin yana daɗewa a gilashi, oramin kuwa ba ya jira. A karanta a ranar da aka rina, kada a wuce awa 24, kuma tun daga busarwa a sa gilasan cikin akwati mai murfi. Ko kina cikin dubawa, idan kika bar fitilar a wuri ɗaya kika tafi amsa kira, za ki dawo ki tarar wurin ya fi gefensa duhu.

Ki kula da abu biyu kuma. Ruwan famanganet da ake zubawa a ƙarshe don ya kashe hasken bayan fage, idan ya wuce lokacinsa yakan kashe har na ƙwayoyin. Ki bi agogo, kimanin minti 1. Ruwan oramin ɗin kansa a kwalba mai duhu ake ajiye shi, da ranar haɗawa a jiki, a tace shi kafin amfani. Duk sabon haɗi, ki fara gwada shi a kan gilashin da aka san yana da ƙwayoyi da wanda aka san ba shi da su.

Ina nanata wannan ne saboda a wurare da yawa yanzu na'urar GeneXpert ce ke gano cutar da farko, madubi kuma shi ake bibiyar mai shan magani da shi a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6. Idan gilashin wata na 5 ya dushe kika rubuta "babu", mutumin da maganin bai yi wa aiki ba zai koma gida cikin iyalinsa da takardar cewa yana warkewa. Duk gilashin da ya kwana a fili kada ki rubuta sakamakonsa. Ki sanar da shugaban ɗakin gwajinku, a sake rina shi, a karanta a ranar.